Daren da Muka Tsefe Haske a Yankari

Sai da muka tsaya cin masa a Wunti kafin mu kama hanya, domin ɗiyar yayata ta ce wata goma ta yi a Afirka ta Kudu tana kwaɗayin masar Bauchi da miyar taushe, kuma ba za ta shiga daji da wannan bashin a wuyanta ba. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. A nan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta karanta fiziks, daga baya Allah Ya buɗa mata hanya ta tafi ƙaro karatu a fannin ilimin falaki. Da ta dawo hutu a watan Nuwamban 2025, cikin kayanta har da wata doguwar jaka da ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata ba. Madubin hangen nesa ne ɗan ƙarami, bakinsa bai fi murfin kwanon sha ba.

Dare biyu ta kafa shi a tsakar gida, ta ce fitilun unguwa sun cinye sama. "Kawu, ina za mu sami duhu na gaske?" Ta gindaya sharaɗi biyu: ya zama ƙarshen wata, lokacin da babu farin wata, kuma ya zama kafin hazo ya sauko. Na ce mata in dai duhu ne, Yankari.

Mu uku muka tafi, ni da ita da ɗana da ke aji biyu a babbar sakandare. A bayan mota akwai tabarma, da ɗan silindan gas na dafa shayi, da jakarta, da akwatin aikina wanda ba ya barin motar ko ranar Sallah.

Sana'ata jona wayar faiba ce, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wayar nan da aka binne a gefen titi, wadda kira da intanet da kuɗin POS ke bi ta cikinta, ba ƙarfe ne a cikinta ba, zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, kuma haske ne ke gudu a ciki. In mai haƙa ya sare ta, ko ruwa ya ci ƙasa ya tsinke ta, sai gari guda ya yi tsit, mu kuma a tashe mu ko da tsakar dare ne. Don haka ni hanyar Gombe da ramukan waya na san ta, ba da sunayen garuruwa ba. Tun daga Inkil na fara nuna musu: ga inda muka kwana cikin ruwan Agusta, ga inda katafila ta tsinke mana zare arba'in da takwas a sara ɗaya. Wajen Kangere wata tirela ta taho daga gabas ta danne hon ba ta saki ba. Tana tunkaro mu muryar siririya ce, tana giftawa ta koma mai kauri. Uwata ta taɓa kafaɗata daga baya ta ce, "Kawu, ka ji yadda muryar ta sauya? Ajiye min wannan, da daddare zan karɓa."

A Dindima muka haye gadar Gongola. Ruwa ya ja baya, masu noman rani sun fara bin gaɓa da kayan aikinsu. Muka saki babban titi muka yi dama, muka shiga tsakanin gonakin dawa da ake girbi, damuna jingine a gindin itatuwa, har ƙofar Mainamaji inda aka rubuta sunayenmu muka biya kuɗin shiga. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40, duk a cikin daji, kuma ba a gudu. Tun 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mun ga gadu da iyalinsa suna gudu wutsiya a tsaye, mun ga gwambaza uku sun tsaya suna kallonmu. Giwa kam sai kashinta muka gani a tsakiyar hanya, sabo, da rassan da ta karya.

Da la'asar muka gangara ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan yashi. Ni da yaron muka shiga, ita ta zauna a matakala ta tsoma ƙafa tana gadin kayanmu, don birran wurin ba su da kunya ko kaɗan.

Bayan sallar magariba, tana jiran duhu ya nuna, sai ta zauna a barandar ɗakinmu ta fito da kwalin sabulu, da reza biyu, da tsohon faifan CD. Ta yanka kwalin, ta manna rezojin baki da baki har sai da ƙofar da ke tsakaninsu ta koma kamar tsagar ƙasa, ta soka ɓallin faifan a karkace, ta huda wata ƙofa ta leƙawa. Ta miƙa wa ɗana ta ce ya saita kan fitilar wayata. Ya ce bakan gizo yake gani, a haɗe, daga shuɗi zuwa ja. Ta ce to ya juya kan ƙwan lantarkin da ke baranda, irin mai murɗaɗɗen bututu ɗin nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wannan a yanke yake. Ga kore shi kaɗai, ga ja, ga shuɗi, tsakaninsu duhu." Na karɓa na leƙa, haka ne kuwa. Fitila biyu duk farare a ido, amma da aka tsefe su kowace da irin kitsonta.

Kalmar tata ce, tsefewa. Ta ce a makaranta sunan na'urar sifektirogiraf, amma aikinta ke nan, ta tsefe haske kamar yadda mace ke tsefe kai, kowane launi ya kwanta a layinsa. Ta kunna gas, wuta ta tashi shuɗiya, ta barbaɗa gishiri kaɗan, nan take harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa. Sinadarin sodiyam ne da ke cikin gishiri, in ji ta, kuma duk inda ya ji wuta, a murhun Bauchi ko a jikin tauraro, wannan launin zai ba da, a daidai wannan gurbin. Kowane sinadari da tsagarsa, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Wani Bajamushe mai sana'ar gilashi, Fraunhofer, shi ya ƙirga ɗaruruwan baƙaƙen layuka a hasken rana a 1814 ba tare da ya san ma'anarsu ba. Sai a 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gane cewa tsagar sinadarai ce. Abin da ya fi tsaya min shi ne labarin iskar hiliyam: a jikin rana aka fara ganin tsagarta a 1868, ba a same ta a doron ƙasa ba sai 1895.

Wani dattijo cikin ma'aikatan gandun, mutumin yankin, shi ya nuna mana wani fili a gefen masauki inda itatuwa suka kare fitilu, ya ce kada mu wuce nan, ya kuma zauna tare da mu da tocilarsa a kashe. Da idanunmu suka saba, sai na ga saman da na manta da ita tun ina yaro a ƙauye. Taurari har sun yi yawa, ka rasa inda za ka ajiye ido.

Dattijon ya daɗe yana kallon Uwata tana ɗaure madubin a kan ƙafafunsa uku, sannan ya ce, "'Yata, wannan abin naku ba duba ba ne kuwa?"

Ta ce, "A'a, Baba. Mai duba cewa yake tauraro ya san abin da zai same ka gobe. Mu tauraron muke tambaya da me aka yi shi, nisansa nawa, ina ya dosa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce su ma manoma suna da nasu lissafin da suka gada, taurari ashirin da takwas, kowanne da kwanakinsa goma sha uku, da su ake sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. Ya jero Haƙa'a da Hana'a da Zira'a kamar mai kiran sunayen jikokinsa. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna gabas: Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke ce wa Surayya, ga Dabaran ja-ja yana biye da ita. Ya ce in ka ga Kaza ta fito tun da magariba, damina ta yi sallama, a nemi bargo. Ɗana ya ƙirga 'ya'ya shida da ido. Da ya leƙa madubi sai ya bar ƙirga.

"Baba, ka san sunan Kazar nan a yaren Japan?" in ji ta. "Subaru. Kuma suna da wani babban madubi da suka raɗa wa wannan suna."

A nan hirar ta miƙe, har shayi ya huce ba mu sani ba. Madubin Subaru yana kan dutsen Maunakea a tsibirin Hawai, sama da mita 4,000 daga bakin teku, faɗin gilashinsa mita 8.2, guda ɗaya ba haɗi. Amma ta ce girman madubi rabin magana ne. Madubi tara haske kawai yake yi, kamar yadda kwano ke tarar ruwan sama. Abin da za a yi da hasken, wannan aikin na'urar da aka ɗaura masa ne. Kuma kwalinmu na sabulu fitila ɗaya yake iya kallo a lokaci guda. Haka masana suka yi shekaru suna fama. A 1912 wani Ba'amurke, Slipher, sai ya shafe sa'o'i masu yawa yana tarar hasken galaksi ɗaya tak kafin ya sami tsagarta. Galaksi kuwa garken taurari ne, biliyoyi a garke guda, kuma garkunan da ake son aunawa miliyoyi ne. In ɗaya bayan ɗaya za a bi su, jikan jikanka ma ba zai ga ƙarshen aikin ba.

Dabarar da aka samo ita ce ta sa na gyara zama. Zaren faiba. A kafa bakin zare a daidai inda hasken kowace galaksi zai sauka, zaren ya kwashi hasken ya kai shi wani ɗaki inda na'urar tsefewa take, a jera zarurrukan a layi, a tsefe su gaba ɗaya. A aikin Sloan da aka fara a shekarar 2000 a jihar New Mexico, faranti ne na alminiyam ake hudawa kamar rariya, kowane huji a gurbin galaksi guda, ma'aikata su bi da hannu suna cusa zare 640, daga baya ya zama 1,000. In an gama da wannan yankin sama, a sauke farantin a ɗora wani. Yanzu kuma 'yan ƙananan injuna ne kamar yatsu, kowanne riƙe da zarensa, kwamfuta ta ba su umarni su juya su saita cikin 'yan mintuna.

Irin wannan aka ɗaura wa Subaru, sunanta PFS, mai zare kusan 2,400, ta fara aiki a watan Maris na 2025 bayan kusan shekara 15 ana haɗa ta. Na tambaye ta ko Japanawa ne suka ƙera. Ta yi dariya ta ce babu ƙasar da ta ƙera ta ita kaɗai. Wata cibiya ta Jami'ar Tokyo ce ta ja ragama, cibiyar falaki ta ƙasar Japan ke da madubin. Yatsun daga Kalifoniya suka fito, daga Caltech da ɗakin gwaje-gwajen JPL na hukumar NASA. Aka kai su Taiwan aka harhaɗa, can kuma aka yi kyamarar da ke duba ko kowane yatsa ya tsaya inda aka ce. Na'urorin tsefewa guda huɗu a Marseille ta Faransa aka haɗa su, da kyamarorin da jami'o'in Princeton da Johns Hopkins suka yi aiki a kansu. Cibiyoyi sama da ashirin. "Wayar kuma, Kawu," ta ce tana kallona, "wayar da ke ɗauko hasken daga kan madubi zuwa ɗakin na'ura, sama da mita 50, mutanen Brazil ne suka yi ta."

Dattijon ya ce, "To ai gayya ce." Ta ce gayya ce, amma ba ta fura da goro ba. Wanda ya zuba kuɗi ko ya kawo gwanintar hannunsa, da darare ake biyansa. An ware wa masu wannan aiki dare 360 a kan Subaru. Haka ƙungiyar ESO ta Turai ke yi da madubanta na ƙasar Chile: ku ƙera mana na'ura, mu ba ku dare kaza. Ta ce a watan Oktoban 2025 ma wata irinta mai suna 4MOST, wadda cibiyar Potsdam ta Jamus ta jagoranta, ta fara ganin haske a can Paranal. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ban taɓa jin inda dare ya zama ladan aiki ba, ni da dare ya zame min lokacin wahala a bakin rami.

Sai ta zo kan wadda ta ce saboda ita ta matsa sai na zo tafiyar nan da kaina. Sunanta DESI, tana kan madubin Mayall mai faɗin mita 4 a dutsen Kitt Peak na jihar Arizona, tsohon madubi ne tun na 1973 aka yi masa sabon kai. Yatsu 5,000, an kasa su gida goma, kowane gida 500 da na'urar tsefewarsa. A Jami'ar Michigan aka harhaɗa yatsun, manyan gilasan gaba a Landan aka saita su, na'urorin tsefewa daga Faransa, dogayen wayoyin kuma, kusan mita 50, daga Jami'ar Durham ta Ingila. To kowane yatsa da guntun zarensa ya zo, doguwar waya kuma daban ta zo. "Kawu, kai da za a ba ka, yaya za ka haɗa su?"

Na ce in ana son kada haske ya zube, ba a sa soket, narkawa ake yi. A feɗe rigar zaren, a goge da sifirit, a yanke bakin ya miƙe sak, a kwantar da biyun a cikin injin jona, wuta ta tsarta tsakanin allura biyu, gilashi ya narke ya zama ɗaya.

Ta ce, "Abin da suka yi ke nan. Sau dubu biyar."

Jikina ya yi sanyi, ba don iskar daren ba. Na tashi na je mota na ɗauko guntun zare da ɗan alƙalamin jan haske da muke gano karaya da shi. Na soka zaren, na miƙa wa dattijon ɗaya bakin daga nesa, sai ga ɗigon ja kamar garwashi a tsakanin yatsunsa, alhali zaren ya nannaɗe a kan tabarma. Ya yi salati. Na ce musu zuciyar zarenmu, inda hasken ke bi, mikiron 9 ce kawai, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ta ce tasu ta DESI mikiron 107 ce. Na ce to ai tasu ta fi sauƙin saitawa. Ta ce ta wannan fuskar haka ne, amma in tuna da abu ɗaya: mu in haskenmu ya raunana a hanya muna da na'urar ƙara masa ƙarfi, in saƙo ya lalace a sake turowa. Su hasken da suke tara ya yi shekara biliyoyi yana tafe, ɗan kaɗan ne ya iso, abin da ya zube a mahaɗa ya tafi ke nan. Ko matse zaren aka yi fiye da kima, hasken zai fito a warwatse, wani ya kauce wa na'ura. Wannan na gane shi sarai, domin na sha ganin yadda lanƙwasa ɗaya a cikin tire ke cinye aikin yini.

Daga nan ta karɓi ajiyarta ta Kangere. Abin da ya sami muryar tirela yana samun haske. Abin da ke nesanta da kai, tsagoginsa sukan gusa zuwa ɓangaren ja, kuma gwargwadon gusawar gwargwadon nisan galaksin, domin sararin kansa buɗewa yake yi. Hoto yana nuna maka inda abu yake a fuskar sama, tsefewa ce ke gaya maka zurfinsa. Da haka ake zana taswira. DESI ta fara aikinta a watan Mayun 2021, in dare ya yi kyau tana kwasar dubu biyar cikin kamar minti ashirin. A watan Yunin 2022 gobarar daji ta hau dutsen har aka rufe wurin na 'yan watanni, amma madubin ya tsira. Abin da suke nema shi ne wani ɓoyayyen ƙarfi da aka gano alamarsa a 1998, wanda ke sa buɗewar sararin tana ƙara sauri, kuma shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ke akwai. A 2024 da kuma Maris na 2025 suka fitar da sakamako mai nuna kamar ƙarfin nan raguwa yake yi a hankali. Ta ce su kansu ba su yanke hukunci ba tukuna, suna jiran ƙarin awo, kuma wannan haƙurin nasu yana cikin abin da ya sa ta yarda da su.

Wajen ƙarfe goma Shi'ira ya ɗago daga kan itatuwa yana ƙyalli kamar zai yi magana, dattijon ya tuna mana cewa sunansa ya zo a Suratun Najmi. Uwata ta juya madubin arewa ta nemo mana wani ɗan fari-fari kamar auduga da aka ja. Galaksin Andromeda ce, wadda Slipher ya fara aunawa, hasken da ya shiga idona ya baro can shekara miliyan biyu da rabi. Ita ba guduwa take yi ba, tunkaro mu take.

Na tambaye ta mu fa. Ta ce a nahiyarmu akwai SALT a garin Sutherland na Afirka ta Kudu, ta je ta kwana can cikin sanyin da ba ta taɓa jin irinsa ba. Madubai 91 ne masu kusurwa shida aka jera suka zama ɗaya mai faɗin kusan mita 11, an buɗe shi a 2005, shi ma da hannun Poland da Amurka da wasu ƙasashe, babbar na'urar tsefewarsa kuma a Jami'ar Wisconsin aka ƙera ta. A Najeriya muna da hukumar sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin falaki a Nsukka. Amma a duk cibiyoyin da ta lissafo a daren nan, ban ji sunan gida ba.

Wannan ya dame ni, kuma har yanzu yana damuna. Na san za a ce mutanen da ke fama da kuɗin taki ina su ina taurari, kuma ba zan raina wannan magana ba, daga gidan noma na fito. Sai dai ni ba madubin mita takwas nake cewa mu gina ba. Brazil ba ta da ko taku ɗaya a Subaru, waya ta iya yi da kyau, wayar ta ba ta kujera. Ina da yara a ƙarƙashina da suke jona zare a cikin ƙura, iska na kaɗawa, da fitilar waya a baki, kuma injin ya nuna asara ba ta kai a faɗa ba. Da a ce wata jami'a a Bauchi ko Gombe za ta keɓe ɗaki ɗaya mai tsabta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kayan awo, ta haɗa irin waɗannan yara da irin Uwata shekara goma ba a katse ba, na yi imani akwai ranar da za a aiko musu da aiki daga waje. Abin da muka fi rasawa shi ne shekara gomar nan da ba a katsewa.

Ta ce kafin wannan ranar ma akwai abin yi. A watan Maris na 2025 DESI ta saki awon abubuwa sama da miliyan 18 kyauta, duk mai intanet zai iya saukewa, kuma da irinsu take rubuta kundinta. Ɗana ya ce, "Ke nan ta wayar Baba suke zuwa?" Ta ce in tana Bauchi, ta wayar Baba suke zuwa.

Ba mu kwanta ba sai da Kaza ta wuce tsakiyar sama. Dattijon ya raka mu har ƙofa, ya roƙi kwalin sabulun don ya nuna wa jikokinsa, ta ba shi.

Washegari muka yi zagayen daji da safe a motar gandun, muka ga garken ɓauna daga nesa, muka kama hanya bayan azahar. Muna fitowa babban titi a Dindima waya ta shigo: an sare waya kafin Kangere, yarana suna wurin sun tono bakin biyu, ni ne mafi kusa. Muka tarar da su a gindin wata maina sun kafa lema. Wani mai haƙa ramin gini ne ya same ta, zare ashirin da huɗu.

Na shimfiɗa tabarma na buɗe akwati. Kafin in fara, na yanko guntaye biyu daga abin da za a zubar na miƙa wa Uwata. Ta feɗe, ta goge, ta yanka, ta kwantar a injin. Injin ya ƙi, ya nuna bakin ɗaya ya karkace. Na ce ta sassauta hannu wajen yanka, kada ta danna, ta bar wuƙar ta yi aikinta, kuma ta daina numfashi a kan zaren. Ta sake. A fuskar injin muka ga bakin biyu sun matso, sun daidaita, wuta ta yi wal, layin da ke tsakaninsu ya ɓace. Ya rubuta asarar haske 0.04. Ta ɗauki hoton lambar da wayarta, ta sa wa mahaɗar riga ta gasa, ta naɗe zaren a yatsa biyu ta ajiye shi a aljihun jakar madubinta.

Ɗana ya riƙe min lema ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, na jawo bututun farko na fara da shuɗi, sai ruwan lemo, sai kore.